Ƙananan Bosawan Hajiya Uwani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajiya Uwani ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya riske ni, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na metro da jaka a kafaɗa, zan tafi makaranta. Na ga saƙon murya daga Jidda, babbar 'yarta. Na ɗauka maganar wata riga ce za ta ce in je in duba musu a kasuwa, kamar yadda muka saba. Na kara wayar a kunne.

"Ruma, Umma ta cika jiya bayan magariba. Ki yafe mata, ki sa ta a addu'a."

Iyakar saƙon ke nan.

Jirgi uku ya zo ya wuce ban motsa ba. Wata mata mai share tashar ta zo ta tsaya kusa da ni, ta miƙo min tishu ta ci gaba da aikinta. Sai a lokacin na gane kuka nake yi.

Na dawo ɗaki. Na kasa kiran kowa, shi ya sa nake rubutu.

Duk mai zuwa Guangzhou sarin kaya daga Kano ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Gajeriyar hajiyar nan mai kayan yara, mai tabarau da igiya a wuya, da takalmin gudu a ƙarƙashin abaya. Wadda ke ratsa kasuwar Shahe kamar ita ta shata layukanta. Ni kuma ɗaliba ce a nan, ina karatun haɗa magunguna. Tun ina shekara ta biyu wata 'yar ajinmu ta haɗa ni da ita, na zama mai yi mata tafinta duk zuwan da ta yi.

Yau za ku ji ana ta faɗin amanarta da kyautarta, kuma duk gaskiya ne. Ni wani abu zan faɗa muku da ba kowa ya sani ba.

Hajiya Uwani, mai jikoki shida, ba abin da ke sa ta farin ciki kamar bosawan tsofaffin komik, littattafan nan na zane masu jarumai masu tashi sama da mayafi a baya.

Ba ma kowane bos ba. Ƙananan.

Ranar da na fara raka ta, muna wani shago a hawa na uku a Shahe, an jera rigunan yara masu hoton jaruman nan. Ta taɓa yadi, ta ja wuyan riga ta ga ko zai saki, ta zaɓi kaloli. Sannan ta juyo ta ce, "'Yata, tambaye shi, babu masu hoton bosawa?"

Wanda ya taso a Kano ya san bos, mugun cikin fim da jarumi ke gamawa da shi a ƙarshe. Na fassara. Mai shagon ya shiga ciki ya fito da riguna biyu masu hoton manyan mugayen da kowane yaro ya sani. Hajiya ta gyara tabarau, ta duba, ta taɓe baki.

"Waɗannan ai manya ne, kowa ya san su. Ƙananan nake nufi, waɗanda aka manta."

Mai shagon ya saurare ni har na gama, ya dube ta, ya ce, "Meyo." Wato babu.

"Kullum meyo," in ji ta, tana dariya. Da muka fito ta kama hannuna. "Kin ji yadda muke kiran masu shago, laoban? Ai ma'anarsa bos. Gari guda kowane mai shago bos ne, amma a rasa ƙaramin bos ɗaya a jikin riga."

Na ɗauka raha ce kawai ta 'yan kasuwa.

Sai a zuwanta na gaba, a masaukinta da ke bayan kasuwar Canaan. Bayan la'asar ne, mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka da ta dafa a 'yar tukunyar lantarki. Ta wanke hannu, ta goge sosai, ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon gwangwanin alewa da fentinsa duk ya goge.

A ciki takardu ne masu launi, sun yi laushi kamar tsumma, wasu da tabon mai.

"Babanmu mai tsire ne a Fagge," ta ce. "Yakan sayo tsofaffin jaridu dami-dami na naɗe nama. Aikina ne da rana in zauna a zaure in yayyanka su. To a cikin damin nake tsintar waɗannan. Ina jin waɗanda ba su yi kasuwa a ƙasarsu ba ne ake auno mana a sikeli."

Ba ta taɓa samun littafi ɗaya cikakke ba. Shafi biyu nan, rabin shafi can. Lokacin tana aji biyu a firamare, ba ta iya karanta Turanci ba, sai ta raɗa musu sunaye da kanta. Daga baya ta yi makarantar horon malamai, ta koyar shekaru kafin ta shiga kasuwa. Ta karanta sunayensu na gaskiya, ta ce nata sun fi daɗi, ta ci gaba da nata.

Ta ɗaga shafi ɗaya. Wani mutum ne mai tumbi, rigarsa da hularsa duk maɓalli.

"Wannan shi ne Sarkin Maɓalli. Ya ƙera wata na'ura mai zuƙe maɓallan mutanen gari gaba ɗaya. Dabararsa, in 'yan sanda sun biyo shi, kowa ya shagala da riƙe wando."

"To Hajiya, me zai yi da maɓallan?"

"Oho. Shafin da ke da amsar, wani ya ci tsire a ciki."

Akwai Ɓarawon Hagu, wanda ba ya satar komai sai takalmin ƙafar hagu. Daga ranar ban ƙara shiga kasuwar takalma ta Zhanxi lafiya ba. Kun san yadda masu takalma ke jera samfur ƙafa ɗaiɗai a jikin bango. Muna shiga za ta matso kusa da kunnena, fuskarta ba alamar wasa, ta ce, "Ruma, mutumin ya riga mu zuwa." Ni ce zan yi ta ƙunshe dariya a gaban laoban, ita tana ciniki abinta.

Akwai kuma wata mata mai ƙatuwar malafa da ke fesa barkono don masu gadin banki su yi ta atishawa. Ita ma atishawar ce ta tona mata asiri.

Na taɓa tambayar ta me ya sa ba ta damu da jaruman ba, ko manyan bosawa.

"Jarumi ai kin san zai ci. Manyan bosawa kuma duniya suke son mallaka. Ni ban gane wa mai son duniya ba, ina zai ajiye ta? Amma mutumin da maɓalli kawai yake so, wannan na fahimce shi."

Ta gyara gefen takardar da yatsa.

"Sau ɗaya suke fitowa fa. A naushe su, a rufe littafi. Ko wanda ya zana su ya manta da su."

Wata rana muna cikin bas a kan gada, kogi na ƙyalli a ƙasa, ta ce ta daɗe tana tunanin inda suke zuwa bayan an rufe littafin. Ta ce a ganinta duk suna wata filaza ɗaya irin Canaan, kowa da shagonsa. Sarkin Maɓalli a hawan ƙasa, yana sayar wa teloli. Ɓarawon Hagu ya tuba, ya samu abokin kasuwanci mai kawo ƙafar dama. Mai barkono ta buɗe gidan abinci a sama, ba wanda ke iya zama minti biyar. In azahar ta yi su ja ƙofa su ci abinci tare, kowa na ba da labarin ranar da saura ƙiris ya ci gari.

Tana faɗa tana kallon taga, kamar tana karanta lambobin shagunan. Har muka wuce tasharmu.

Kullum ta zo sai ta kawo min kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli. Ta lura ba na cin abincin safe, sai ta daina cewa mu haɗu a kasuwa, ta koma cewa in biyo ta masauki "in taya ta ɗaure jaka". Ba wata jaka. Kunu ne da ƙosai a rufe.

Amma babban abin da ta yi min, a shekarata ta uku ne.

Na faɗi jarrabawa biyu, aka ce sai na maimaita shekarar gaba ɗaya. Ni ce 'yar da Abba ke nuna hotonta a majalisa. Wata huɗu ina ɓoyewa. In ya kira in ce network ba kyau. In Mama ta ce na rame in ce kyamara ce.

Hajiya ta zo, muka shiga Shahe. Sau biyu tana cewa ja ina fassara kore. A na biyun ta ajiye rigar, ta ja ni bakin matattakala, ta zauna a kan wani damin kaya, ta nuna min gefenta.

"Zauna. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To me ya mutu?"

Na faɗa mata komai. Masu dako na ta wucewa da kura, ni ina kuka da majina.

Ba ta yi min wa'azi ba. Gwangwanin ta ciro, ta nemo Sarkin Maɓalli ta ɗora min a cinya.

"Dubi rigarsa. Ni 'yar kasuwar tufafi ce, na san aikin da ke jikin rigar nan. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗinka maɓalli. Jarumin da ya naushe shi, da ƙarfinsa ya faɗo daga sama. Wannan kuwa sai da ya je kasuwa ya zaɓi yadi, ya zauna a kan keke, ya gwada a madubi, ya fito gaban jama'a ya sha naushi. Ban ce ki yi sata ba. Amma kunyar nan da kike ji, ya riga ki shan ta, kuma da hular maɓalli a kansa."

Dariya ta ƙwace min a tsakiyar kuka.

Ta duba agogo. "Yanzu ƙarfe takwas na safe a gida. Ya karya kumallo, zuciyarsa a sanyaye take. Kira Abbanki."

"Hajiya, ba zan iya ba."

"Ina nan. Kira."

Na kira. Na faɗa masa, hannuna cikin nata. Sai Hajiya ta karɓi wayar.

"Alhaji, barka da asuba. Sunana Uwani, ni ce uwarta a nan. Na ga littafin da yarinyar nan ke karantawa da idona, rubutun kamar kaji sun yi tsere a kan takarda. Ni shekara goma sha ina zuwa ƙasar nan, kalma shida na iya, biyu ma ba daidai nake faɗa ba."

Na ji dariyar Abba ta cikin wayar. Da ta miƙo min, abin da ya ce shi ne, "Rumasa'u, faɗuwar ba ta dame ni ba. Wata huɗun da kika ɗauka ke kaɗai ne ya dame ni. Kar ki sake."

Ban sake ba.

A cikin gwangwanin akwai shafi ɗaya da take ajiyewa daban, a cikin wata 'yar leda. Shi ta fi so. Malam Gajimare.

Wani dogon siririn mutum ne mai doguwar kwat da takalman roba. Ba shi da bindiga, ba shi da yara. Abin da yake da shi kawai wani ɗan ƙaramin gajimare, bai fi tunkiya ba, ya ɗaure shi da igiya yana ja a titi. In ya je banki sai ya sa shi ya yi ruwa a kan mai gadi. Matsalar, gajimaren ba ya jin magana. Wani lokacin a kan maigidansa yake zubarwa.

Shafin Hajiya ya ƙare a saman wani dogon bene. Jarumi ya taso da naushi. Igiyar ta suɓuce daga hannun Malam Gajimare, gajimaren ya fara yin sama. Shi kuma ko kallon naushin bai yi ba. Ya miƙa hannu biyu wajen igiyar, bakinsa a buɗe.

Daga nan takardar ta yage.

"Wannan Baba ne ya naɗo mana ragowar tsire a ciki," ta ce. "Sauran ya bi wani mai saye. Sama da shekara arba'in ban san yadda suka ƙare ba."

Na roƙe ta na ɗauki hoton shafin. Na sa shi a wani zauren masu tara tsofaffin littattafan zane a intanet ɗin nan ƙasar, na tambaya ko akwai wanda ya san shi. Wata bakwai shiru. Har na manta.

Sai ga saƙo daga wani dattijo mai suna Liang, tsohon ma'aikacin ɗab'i, a nan Guangzhou. Ya ce wansa ma'aikacin jirgin ruwa ne, shi ke kawo masa irin waɗannan tun yana saurayi. Ya ce yana da littafin. Cikakke.

Na kira Hajiya ina ihu.

"Kar ki bari ya turo hoto," ta ce. "Da idona zan gani."

Lokacin zuwanta ya yi, ba ta zo ba. Jidda ta ce ciwon ciki ne, ana magani. Zuwa na gaba ma ya wuce. Dattijon ya tambaye ni sau biyu ko har yanzu hajiyar na nan zuwa. Na ce tana nan tafe, amma ni kaina na fara tsoro.

Sai a watan Maris ta kira ni. "Na sauka. Biyo ki taya ni ɗaure jaka."

Da na gan ta, duk ta rame. Abayar ta yi mata yawa. Amma ga kunu nan a rufe, ga ta tana faɗa cewa na yi latti.

Lokacin danshin nan ne da bango ke gumi, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Dogayen benaye duk kawunansu sun shige cikin hazo. Muka ɗauki tasi zuwa wata tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna, wanki a rataye a saman kai.

Hawa na biyar ne, ba lifta.

Na ce, "Hajiya, bari in ce ya sauko da shi."

"A'a. Ni na zo wajensa."

A kowane hawa sai ta tsaya, ta dafa bangon da ke jiƙe, ta huta. Ni ina bayanta ina salati a zuci. Na ji haushin kaina da na taso da maganar tun farko.

Liang ya buɗe ƙofa da farar safar hannu. Ɗakinsa cike da akwatuna, kowane littafi a cikin ledarsa, ga na'urar tsotse danshi tana gurnani a kusurwa. Ya zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Hajiya ta ce nihao, ta ce shieshie, wato sannu da na gode, kalmominta biyu da ta fi iyawa. Sannan ta ciro shafinta ta ajiye a kan tebur.

Ya sunkuya ya duba, ya ga tabon, ya ɗago a firgice. Ya tambaye ni me ya same shi.

Na yi masa bayanin tsire. Nama a tsinke, wuta, mai, yaji. Na ce a cikin wannan shafin aka naɗo shi, a Kano, tana yarinya.

Ya kai takardar hanci ya shinshina. Sai ya fashe da dariya har yana dafa kujera. Ya ce in faɗa mata, littattafansa duk sun fi nata tsafta, amma babu ɗaya da aka karanta kamar yadda aka karanta wannan.

Ya cire safar hannun. Ya zaro littafin daga leda, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta yi bismillah. Ta gyara tabarau. Ba ta fara daga farko ba, kai tsaye ta nemo shafinta, ta ajiye nata a gefe ta ga sun yi daidai, sannan ta buɗe na gaba.

Naushin ya sauka. Malam Gajimare ya baje, takalmin robarsa ɗaya ya yi gefe. Gajimaren ya yi sama ya fita daga hoton. 'Yan sanda suka zo suka tura shi a mota. Daga nan labarin ya koma kan jarumi, magajin gari na rataya masa lambar yabo, jama'a na tafi.

Tana bi da yatsa, leɓenta na motsi. Na ga fuskarta na sauka a hankali. Na ce a raina, shi ke nan, na hau da marar lafiya bene biyar don ta ga abin da ta riga ta sani.

Sai yatsarta ta tsaya a hoton ƙarshe.

Magajin gari ne yake jawabi, shi da jarumi sun cika hoton. Amma a can kusurwa, ta bayan kafaɗar jarumin, ga motar 'yan sanda tana tafiya nesa, ba ta fi farce girma ba. A samanta ga ɗan gajimaren, yana jan igiyarsa, yana biye.

Ba a rubuta komai a kai ba. Ko kalma ɗaya.

"Ruma," ta ce a hankali. "Ashe ya bi shi."

Na nuna wa Liang. Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya daɗe a sunkuye. Ya ce shekara da shekaru littafin na hannunsa, bai taɓa lura ba.

Hajiya ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi.

"Ni duk zatona tafiya ya yi. Tun ina yarinya nake tausayin mutumin nan, in ce abu ɗaya yake da shi, shi ma ya gudu." Ta sake kallon kusurwar. "Kuma ba wanda ya sa mai zanen ya yi wannan fa. Labari ya ƙare. Shi ne dai ya kasa barin sa haka."

Ruwa ya fara yayyafi a kan rumfar taga.

Liang ya ce ta tafi da littafin, kyauta. Na fassara. Ta girgiza kai, ta rufe shi, ta mayar masa da hannu biyu kamar yadda ya ba ta.

"Ce masa littafin a nan ya saba. Ni na gani, ya ishe ni."

Ta laluba jaka ta ciro ƙullin yaji ta ba shi, ta ce ya barbaɗa a nama ya san ƙamshin da ya shinshina. Ya raka mu har ƙasa, yana riƙe da jakarta.

A bakin lungun akwai manyan itatuwa marasa ganye, jajayen furanni manya-manya na faɗowa tim a ƙasa, wasu tsofaffin mata na tsinta a leda. Hajiya ta tsaya. "Kai! Wannan ai gurjiya ce." Na ce mata busarwa suke yi su sa a miya. Ta ce, "Ka ji mutanen kirki." Ta zauna a benci cikin yayyafin, ta ƙi lema, wata tsohuwa ta zo ta ajiye mata fure ɗaya a cinya.

Na ce, "Hajiya kin gaji, mu tafi."

"Ban gaji ba. Daɗi nake ji. Bar ni kaɗan."

Kwana huɗun da suka rage mun zaga Shahe da Canaan da Zhanxi, amma kayan da ta saya kaɗan ne. Shago-shago take bi tana ba kowane laoban dabino. In za mu fita sai ta ce, "Ce masa ya yafe ni."

Na rasa yadda zan fassara. Na faɗa yadda na iya. Duk wanda na faɗa wa sai ya zaro ido ya ce, me ta yi? Ba ta yi komai ba! Wata mai shagon rigunan jarirai da suka daɗe tare ita kaɗai ta gane. Ta fito daga bayan teburin shagon ta rungume Hajiya, ta ƙi saki.

Ni da nake karatun magani, ni ce ban gane ba. Ko kuma na ƙi ganewa.

A filin jirgi ta gyara min ɗankwali, ta ce, "Saura shekara ɗaya ko? In kin gama ki zo gida in gan ki da rigar gama karatun nan mai hula." Na ce in sha Allahu. Ta tura kurarta, ta yi taku biyar, ta juyo.

"Ki dinga cin abinci da safe."

Maganarmu ta ƙarshe ido da ido ke nan.

Jidda ta ce Hajiya ba ta sha wahala sosai a ƙarshe ba. Ta ce da kalmar shahada ta cika, jikokinta na tsakar gida. Alhamdulillahi.

Za a yi jana'izarta da ƙarfe goma na safe a Kano. Nan zai zama biyar na yamma. Ni ina nan, teku da ƙasashe a tsakaninmu, ba abin da zan iya sai in yi alwala in zauna a kan sallaya a daidai lokacin.

Ya Allah, ga baiwarka Uwani ta zo gare ka. Ta riƙe 'yar wasu a ƙasar da ba ta da kowa, ba don komai ba sai don kai. Ka riƙe ta. Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka haɗa ta da iyayenta a Aljanna Firdausi. Ka ba Jidda da ƙannenta haƙuri. Mu kuma ka kyautata namu zuwan.

'Yan uwana da ke Kano, wanda ya san gidan, don Allah ya je ya tsaya a sahu, ya ƙara mata mutum ɗaya a madadina. Wanda kuma bai san ta ba, ya karanta har nan, kar ya wuce haka. Ka ɗan dakata, ka ambaci sunanta, ka ce Allah ya jiƙan Hajiya Uwani.

Amin.